Kawun da Ya Koya Mini Inda Ake Yanke Hoto

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, wan mahaifiyata, ya amsa kiran Ubangijinsa wata Laraba da hantsi a gidansa da ke Bulabulin, bayan jinyar da ba ta cika mako uku ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

A zaman makoki ina cikin gida tare da mata, amma tabarmata tana dab da ƙofar zaure, saboda haka rabin hirar maza tana shigowa kunnena. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, mutanen da suka yi shekara talatin suna sahu ɗaya da shi a masallaci ba su san sana'arsa ba. Ladanin unguwa ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam, ai shi ne mai gyara wa gwamnati talabijin." Mai shagon bakin layi ya ce a'a, direba ne, domin ya sha ganinsa yana ɗauke da manyan jakunkuna. Babu wanda ya gyara musu zancen. Na tabbata da shi ma yana wurin, ba zai gyara ba.

Rana ta biyu da safe aka sauko da wani dattijo daga Keke Napep, mutum biyu suna riƙe da shi. Nan take layin ya ɗauka, har yara suka taru. Tsohon ɗan wasan kwaikwayo ne wanda duk garin ke kira Bulama, saboda ya daɗe yana fitowa a matsayin mai unguwa a talabijin. Ya ce shi sai ya shiga ya ga uwargida da kansa. Aka shimfiɗa masa darduma a gaban matar Kawu, wadda muke kira Ya Kura, wato babbar uwa a harshen Kanuri, domin ita 'yar Yerwa ce gaba da baya. Ya ce mata, "Kanadi, kanadi," ma'ana haƙuri. Sai ya juya Hausa don danginmu da suka zo daga Kano su ji.

Ya ce, "Kun gan ni nan, tun da ɓarin jikina ya shanye harshena ya yi nauyi, kaina kuma ya daina riƙe magana. Jimla ɗaya sai in maimaita ta sau bakwai a gaban kyamara, ban faɗe ta daidai ko sau ɗaya ba. Na ce tawa ta ƙare. Amma ranar da aka nuna wasan, sai na ga kaina ina magana tiryan-tiryan kamar saurayi. Marigayin nan zai ɗauko farkon maganata daga ɗauka ta biyu, ya ɗauko ƙarshenta daga ta shida, a inda ya haɗa su kuma sai ya nuna fuskar wanda ke saurarena, don kada a ga ɗinkin. Shekara shida na ƙara ina aiki a haka. Na sani, shi ma ya san na sani. Ranar da na tare shi zan yi godiya, ya ce, 'Bulama, jiya ka yi wasa mai kyau,' ya wuce abinsa."

Ya share ido da gefen babbar rigarsa. Ya Kura ta ce, "Ni ma yau na fara jin wannan."

Da yamma wasu mata suka zo daga Kasuwar Kifi ta Baga Road, ƙamshin banda bai saki lafayarsu ba. Babbar cikinsu, wadda muke kira Iya mai banda, ta ajiye kwalin kifi a gaban Ya Kura, ta zauna, ta yi addu'a. 'Yan uwa suna ta tambayata a ɓoye, me ya haɗa Kawu da masu kifi? Zan zo kan wannan, domin shi ne ya sa na zauna rubutun nan.

Ni marubuciyar wasan kwaikwayo ce, daga baya na zama darakta. Kawu kuwa mai tacewa ne. Idan an gama ɗaukar wasa, abin da ake samu tarin gutsattsari ne, an ɗauki fitowa ɗaya sau da yawa, daga nan da can. Mai tacewa ne zai zauna ya zaɓa, ya yanke, ya jera, ya ɗora sauti, har ya zama labarin da ake kallo a falo. Kawu ya yi wannan aiki shekara arba'in, tun zamanin manyan kasakasai har zuwan kwamfuta. Sunansa yana fitowa a ƙarshen shiri, a lokacin da kowa ya tashi ɗauko abinci.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba. Uwata yake ce mini. Ranar da na fara kai masa aikina a ɗakin tacewa, wani ɗan ƙaramin ɗaki marar taga a bayan gidan talabijin, na zauna ina jiran yabo. Ya kunna, ya juya allon ya kalli bango, ya ce, "Uwata, rufe ido ki kalla."

Na ce, "Kawu, yaya zan kalla ido a rufe?"

Ya ce, "Rufe dai."

Na rufe. Fitowar ta wata mata ce da ke jiran mijinta a tsakar gida. Da ya ƙare ya ce, "A ina take?" Na ce a gida. Ya ce, "Ke kika sani, don ke kika rubuta. Ni ban ji gida ba. Ba kaza, ba daka a maƙwabta, ba mai tallan ruwa a layi. Wannan mata a cikin kwali take zaune." Ya jawo akwatin kasakasansa, ya ɗora sautin turmi can nesa, da kurciya a kan dalbejiya. Sannan ya sa ƙarar tsayawar mota a waje tun kafin a nuna ƙofa, yadda mai kallo zai riga matar jin isowar mijin, gabansa ya faɗi kafin nata. Ban canza kalma ɗaya a rubutuna ba, amma fitowar ta zama wata aba daban.

Akwatin nan shi ne dukiyarsa. Duk ranar da ba ya aiki yana yawo da rikoda da makirfo a jaka. Yana da hayaniyar kasuwa da safe, yana da ta bayan azahar, ya ce ba ɗaya ba ne. Yana da algaita da ganga na bikin Kanuri, da kukan jirgin ƙasa tun yana shigowa garin, da kwaɗin bakin kogi a damina. Har shiru yake ɗauka. Idan an gama aiki a wani ɗaki sai ya ɗaga hannu ya ce kowa ya tsaya cak na minti ɗaya. 'Yan wasa suna ƙunshe dariya, shi kuwa fuskarsa a ɗaure. Yakan ce, "Kowane ɗaki da irin shirunsa. Idan ka ɗora shirun ofis a ɗakin amarya, mai kallo ba zai san me ya faru ba, amma zai ji a jikinsa an yi masa ƙarya."

Wadda ta fi shan wahalar wannan sana'a ita ce Ya Kura. Shinkafarta yake zubawa a faranti ya yi ruwan sama a kan kwano. Ledar cefanenta yake murzawa ya yi ƙarar wuta. Ya taɓa fasa mata tulu sabo fil, don wani wasa yana buƙatar ƙarar fashewar tulu, wai tsohon ba zai ba da amo ba. Wata rana tana kallon wasa da maƙwabta, aka nuna gidan wani azzalumin ɗan kasuwa, ƙofa ta yi ƙara. Ta miƙe tsaye ta ce, "Wallahi ƙofar ɗakina ce wannan!" Ashe shi ya sa duk lokacin da ta ce a sa wa ƙofar mai sai ya ce gobe. Da ya dawo ta tare shi: "Duk ƙofofin Maiduguri, tawa ce ta dace da gidan mugu?" Ya ce, "Taki ta fi iya wasa."

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. Kallon talabijin tare da shi azaba ne, yana tsaki yana cewa an yanke da wuri, an yanke a makare. Yabo a bakinsa tsada gare shi. Idan aiki ya yi masa, iyakar abin da zai ce shi ne, "To, ba laifi." Ya sha rasa suna da ɗaurin aure na dangi saboda yana ɗakin nan marar taga, mahaifiyata ta yi fushi har ta gaji. Amma a wurinsa na koyi cewa mutum idan ya rufe baki bai gama magana ba, sai ya sauke numfashi, kuma ba a yanke shi kafin nan. A wurinsa na koyi cewa idan miji yana shirga wa matarsa ƙarya, ba fuskarsa za a tsaya a kai ba, fuskarta za a nuna a daidai lokacin da ta gane.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske, kuma a kan Iya mai banda ne.

Na rubuta wasa a kan matar da rikici ya koro daga wani tsibiri a Tafkin Chadi, ta zo gari tana sayar da kifi, ɗanta kuma ya ɓace. Na gwada 'yan wasa uku, babu wadda ta iya riƙe banda kamar wadda ta saba. Sai na je kasuwa na samu Iya. Ita ma daga tafkin ta zo. Ita ma ɗanta ya fita kamun kifi ranar da aka afka wa ƙauyensu, bai dawo ba, ya bar mata 'ya'ya uku. Na san da haka, kuma zan faɗi gaskiya, yana cikin dalilan da suka sa na zaɓe ta. Ta ce ita ba ta iya wasa ba. Na ce, "Iya, abin da kike yi kullum za ki yi, mu kuma mu ɗauka." Ta yarda.

Babbar fitowar wasan ita ce inda wani ɗan garinsu zai same ta a rumfa ya ce ya ga kabarin ɗanta. A rubuce, jimla biyu za ta faɗa. Mun yi ɗauka uku, tana faɗar jimlolin kamar mai karatun allo. A ta huɗu, ɗan wasan ya faɗi nasa, sai hannuwan Iya suka tsaya a kan kifin. Can sai ta buɗe baki da Kanuri. Ba sunan da na rubuta ta kira ba, sunan ɗanta ta kira, da laƙabinsa, da abin da ya rubuta a jikin kwalekwalensa. Ta yi masa magana kamar yana tsaye a gabanta. Ta ce babbar 'yarsa ta isa aure, ƙaramin bai san fuskarsa ba, ita kuma gwiwoyinta sun gaji. Kusan minti huɗu tana kuka tana magana. Mai kyamara yana hawaye, ya dube ni ko zan ce a tsaya. Na yi masa alama ya ci gaba. Ni ma ina kuka, amma a can cikin zuciyata wata murya tana cewa, kin samu abin da ba a taɓa samu ba.

Na kai wa Kawu. Ya kalla sau ɗaya, ya cire abin kunnensa, ya ce in dawo jibi.

Abin da na tarar bai kai minti ɗaya ba. Mutumin ya faɗi labarin kabari. Ba a nuna fuskar Iya ba, hannuwanta aka nuna suna jera kifi a kwali. Hannuwan suka tsaya. Hayaniyar kasuwa ta fara janyewa a hankali, masu kiran ciniki, masu turin kura, duk suka yi nisa, har ba abin da ya rage sai ƙudaje. Cikin wannan shirun aka ji muryar wata mai saye da ba a gani, tana cewa, "Iya, nawa ne kashin nan?" Iya ta amsa mata da muryarta ta kullum. Wannan ya ɗauko shi ne daga ɗauka ta farko, inda wata mai cefane ta faɗo mana ba ta san ana aiki ba, mu kuma muka ɗauke shi a matsayin ɓarna. Daga nan sai aka ga Iya daga nesa, ta baya, kafaɗunta suna rawa, ba a jin kukan. Shi ke nan.

Na ce, "Kawu, ina sauran? Kun zubar da zuciyar wasan."

Ya ce, "Kin tambaye ta?"

"Ai ta yarda ta yi wasa."

"Ta yarda ta yi wasa. Wannan wasa ne?"

Na ce duniya ya kamata ta ga abin da aka yi wa mutanenmu, kuma ba a ɓoye irin wannan. Ya ce, "Uwata, mai kallo idan kika yi masa kukan duka, shi ba sauran abin da zai yi sai kallo. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, matar nan gobe za ta koma rumfarta, duk wanda ya zo sayen kifi ya riga ya ga cikin cikinta."

Raina ya ɓaci, domin na san akwai gaskiya a maganarsa. Tun da na tashi ban taɓa ce masa "kai" ba, "ku" nake cewa. Ranar na ce, "Kai shekara arba'in kana cikin duhu kana gyara aikin wasu. Ba ka taɓa yin naka ba, shi ya sa ba ka san zafinsa ba."

Ya adana aikin, ya kashe kwamfuta, ya sa hularsa, ya ajiye mini makullin ɗakin a kan tebur, ya fita.

Na kai wa wani mai tacewa, muka mayar da minti huɗun nan cif, muka ɗora kiɗan sarewa mai sa tausayi. Duk wanda na nuna wa sai ya yi kuka ya yabe ni. Kwana tara ban taka gidan Kawu ba. Mahaifiyata ta ji labari, ta ce, "Wan nawa kika gaya wa haka? Kada ki ƙara gaishe ni sai kin je." Ina ta shirya yadda zan je, sai ga shi da kansa a ƙofar gidana da safe, Keke Napep tana jira. Bai amsa gaisuwata da tsawo ba. Ya ce, "Ɗauko kwamfutarki, da naki da nawa. Mu je wurin mai abu."

Muka samu Iya a rumfa, ta kai mu bayan tulin kwalaye inda ba kowa. Kawu ya sa mata abin kunne da hannunsa. Ta fara kallon nawa. Ba ta kai rabi ba ta rufe fuska da lafaya, ta ce a kashe. Ta ce, "'Yata, jikokina suna kallon talabijin a gidan maƙwabta. Ni ban taɓa kuka a gabansu ba. Ce musu nake ubansu ya yi tafiya. Idan suka ga wannan, me zan ce musu?"

Na rasa inda zan sa kaina. Kawu bai dube ni ba, ya kunna mata nasa. Ta kalla har ƙarshe, ta ce a sake. Ta sake kallo. Sannan ta cire abin kunnen ta ce, "Malam, wannan ya rufa mini asiri. Amma ina sunan ɗana?"

Kawu ya ce, "Na cire, Iya. Na ga abin naki ne, ba na mutane ba."

Ta ce, "To, ni don sunan na buɗe baki. Kuna tsammani ban san ana ɗauka ba? Shekara nawa ina tambayar duk mai kawo kifi daga tafki. Na ce wannan abin naku yana zuwa inda ƙafata ba ta zuwa. Ko wani zai ji, ya ce ya san inda yake. Yaran ma idan sun ji, kiran mai tafiya suka ji. Ku cire kukan, ku bar mini sunan."

Kawu ya karɓi abin kunnen daga hannunta. Sannan ya ce, "Iya, ki gafarce ni. Na yi wa 'yata faɗa don ba ta tambaye ki ba, ashe ni ma ban tambaye ki ba." Wannan ne karo na farko da na ji ya ce ya yi kuskure a kan aiki. A hanyar komawa na durƙusa masa a cikin Keke Napep ɗin, gwiwata tana bugun ƙarfe, na ce ya yafe mini abin da na faɗa. Ya ce, "Tashi kada ki faɗa titi. Ai ba ƙarya kika yi ba, aikin wasu nake gyarawa. Ina son sa ne kawai."

Ranar tare muka zauna. Ya bar komai yadda ya jera, sai a hoton ƙarshe, inda ake ganin bayanta daga nesa cikin shiru, ya ɗora muryarta tana kiran sunan, da laƙabin, da rubutun jikin kwalekwalen, sau ɗaya tak. Ya tsabtace sautin har kowane harafi ya fita, ya bar numfashin da ta sauke a bayansa, sannan ya yanke. Ya jingina ya ce, "To, ba laifi."

Aka nuna wasan. Wani ya yanko wannan gutsuren, ya riƙa yawo a wayoyin mutane. Mutum biyu suka zo da labari, duka ba shi ba ne. Bayan wata bakwai wani masunci ya sauka a Baga Road da lodin kifi yana neman matar da ta kira suna a waya. Ya ce rubutun kwalekwalen ne ya gane. Tare da ɗan Iya suka gudu zuwa wani tsibiri, zazzaɓi ya kama ɗan nata a daminar farko, ya rasu. Ya ce yana cikin waɗanda suka yi masa wanka da salla. Ba labarin da take fata ba ne. Amma ranar ta tara jikokinta ta gaya musu, aka yi zaman makoki kamar yadda ake yi wa kowa, mu ma muka je. Tun daga lokacin, duk salla kwalin banda yana zuwa gidan Kawu. Yana cewa ta daina, ba ta daina ba.

Bayan ya yi ritaya kunnensa ya fara tafiya. Na farko na hagu, sai na dama. Mutumin da ke jin bambancin shirun ɗakuna ya koma sai an ɗaga murya a gaishe shi. Bai taɓa kuka da wannan ba a gabanmu. Idan na kawo masa aiki sai ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifika, idonsa a kan allo, ya ce, "Nan kin sa kiɗa. Ina jin sa a hannuna. Me ya sa? Ba ki yarda da 'yar wasanki ba ne?"

Shekarar da ruwa ya shigo gari, Bulabulin na cikin inda abin ya taɓa. Sun tsira da ransu da kayan jikinsu. Da ruwa ya janye muka koma, muka samu akwatin kasakasan a kife a tsakar gida, laka ta cika shi. Kaɗan daga ciki na taɓa kwafewa a kwamfuta, sauran kullum ina cewa sai na samu lokaci. Na zauna a cikin lakar ina kuka. Ya ɗauki kaset ɗaya, ya goge rubutun jikinsa da babban yatsa, ya karanta, ya ajiye. Ya ce, "Jirgin ƙasan ne kawai ya tafi. Kasuwa tana nan, kurciya tana nan. Ke kuma kina da kunne. Tashi ki taya Ya Kura kwashe tukwane."

Bayan addu'ar bakwai, tsoffin abokan aikinsa suka ce in haɗa ɗan gajeren shiri na tunawa da shi. Na ce to. Muka shiga ma'ajiyar gidan talabijin muna neman hotonsa mai motsi. Kwana huɗu muna dubawa. Ga aikinsa nan rumbu guda, amma shi babu shi. Ko a walimar ma'aikata, shi ne wanda ke bayan na'ura. A ƙarshe muka samu abu ɗaya a cikin tarkacen da aka yanke aka zubar daga wani tsohon wasa. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne. 'Yan wasa biyu suna zaune suna jiran a fara, sai ga shi ya shigo ta gefe, saurayi siriri da baƙin gemu, ya gyara makirfo a ƙarƙashin tebur. Ya ɗago, ya lura kyamara tana aiki, ya ce, "Ku yi haƙuri," ya sunkuya ya fice.

Kafin in nuna wa kowa, na kai wa Ya Kura a ɗakin takaba. Na ɗora mata wayar a cinya. Ta kalla, ta kai yatsa ta taɓa allon, hoton ya tsaya a daidai inda ya ɗago kai.

Ta ce, "Shekarar da aka kawo ni ce. Rigar nan ni na ɗinke mata aljihu, dubi zaren bai ma dace ba. Na ce ya bari in sake, ya ce ya makara." Ta yi dariya, hawaye yana bin kumatunta. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Mayar da shi farko. Ki ƙara murya, ina so in ji."

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri ranar tsayuwa. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.